Yadda Ake Zaɓar Tayar da Ta Dace da Rim ɗin Keke Don Kauce wa Fashewa

Tayar keke mutuwa iri biyu take yi. Akwai wadda ƙayar aduwa ko tsidau ya soka, iska ta riƙa zurarewa a hankali har mai keke ya ji rim ya fara dukan ƙasa, ya sauka ya tura zuwa wurin mai faci. Wannan ɓata lokaci ne kawai. Akwai kuma wadda ke fashewa farat ɗaya da ƙara mai razanarwa, mutum yana tsakiyar tafiya, wataƙila ya ɗauko buhun albasa daga fadamar Kwalkwalawa, ko ɗalibi ne ya nufi Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta hanyar Dundaye, motoci da 'yan kabu-kabu suna gifta shi. In tayar gaba ce, kafin ya ankara yana ƙasa.

Irin wannan ta biyun ce ta dame ni, domin galibinta ana iya hana ta tun daga wurin saye da sakawa. Mutane sukan ɗora wa tiyub laifi, ko su ce zafin Sakkwato ne. Zafi yana da hannu, za mu zo kansa. Amma tiyub ɗin da ke kwance daidai cikin lafiyayyar taya ba ya fashewa da ƙara, don ba shi ke riƙe ƙarfin iskar ba, taya ce ke riƙe shi. Sai ya sami kafar leƙowa waje yake kumbura ya tarwatse: ko leɓen taya, wato bakinta mai waya a ciki da ke kama rim, ya tsallake bakin rim, ko gefen taya ya yage, ko an matse tiyub ɗin tsakanin taya da ƙarfe lokacin sakawa.

Mataki na farko: karanta lambar da ke jikin tsohuwar tayarka

Kafin ka tafi kasuwa, goge ƙurar gefen tayar da hannu ka duba rubutun. Za ka ga lamba irin 28 x 1 1/2 ko 26 x 1.95, wadda kowa ya saba kira. Kada ka tsaya a kanta. Nemi wata lamba mai gida biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 40-635 ko 50-559. Wannan ma'auni ne na duniya da ake kira ISO 5775, wasu kamfanoni kuma suna rubuta ETRTO a gefensa. Lambar farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu kuma faɗin da'irar rim ce, daidai inda leɓen taya ke zama. Wannan ta biyun ba a sassauci a kanta ko na milimita ɗaya. In rim ɗinka 635 ne, tayar 635 kaɗai za ka saka masa.

Dalilin da ya sa nake matsawa a nan shi ne lissafin inci yana ruɗa mutane ƙwarai. Manyan kekunan nan masu birkin sanda, irin su Raleigh da Phoenix da Hero da magabatanmu suka yi ta fama da su, yawancinsu 28 x 1 1/2 suke ɗauka, wato 635. Kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai su ma sukan zo da taya mai rubutun 28, amma tasu 622 ce, wadda ake kuma kira 700C. Dukansu ashirin da takwas ne a baki, amma akwai milimita 13 a tsakaninsu. Akwai kuma 27 x 1 1/4 na tsofaffin kekunan tsere, wadda take 630. Ka ga mai 27 ta fi wata mai 28 girma.

Na 26 ma haka suke. Keken hawan tudu mai giya, wanda samari suka fi so, 26 x 1.95 ko 26 x 1.75 yake ɗauka, rim ɗinsa 559. Amma 26 x 1 3/8, da ake samu a kan kekunan gwanjo masu kwando a gaba, 590 ce. Ita kuwa 26 x 1 3/4, wadda a lissafin makaranta daidai take da 1.75, 571 ce. Saboda haka in ka ga an rubuta faɗin da ɗigo a ɗaya, an rubuta shi da kashi a ɗayar, ka ɗauka ba ɗaya ba ne har sai lambar milimita ta tabbatar.

Tayar da ta yi wa rim ƙanƙanta ba ta cika cutarwa ba, don ƙin shiga take yi, a mayar wa mai shago. Wadda ta ɗan yi masa girma ita ce mugunyar. Tayar 630 a kan rim ɗin 622, ko 635 a kan 630, sulu take shiga ba tare da an sha wahala ba, har mai sayarwa ya ce, "Ka gani ko, Malam? Wagga ita ta dace da shi." Tana iya ɗaukar iska ta tsaya, a hau a yi tafiya, sannan a wata kwana ko wani rami leɓen ya tashi. In taya ta shiga rim ba tare da ka ɗan yi amfani da ƙarfin babban yatsa a ƙarshe ba, ka tsaya ka sake duba lamba.

In rubutun tsohuwar tayar ya goge, duba jikin rim, wani lokaci akwai takarda ko tambari kamar 622x19. In babu, ɗauki ƙafar keken gaba ɗaya ka tafi da ita kasuwa.

Mataki na biyu: auna faɗin rim daga ciki

Cire taya da tiyub, ka sa rula a tsakanin bangon rim biyu daga ciki, ba daga waje ba. Abin da ka samu shi zai gaya maka faɗin tayar da za ta zauna lafiya. Ƙa'idar da masu gyaran keke suka daɗe suna bi ita ce faɗin taya ya kasance ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na faɗin cikin rim. Rim mai milimita 13, irin na keken tsere, yana son taya mai faɗin 20 zuwa 26. Mai 17 yana son 26 zuwa 34. Mai 21 ya ɗauki 32 zuwa 42, mai 25 kuma 38 zuwa 50. Kekunan hawan tudu sukan wuce wannan iyaka, a ga taya mai faɗin 50 a kan rim mai 19 ko 21, kuma tana aiki, amma saboda iskarsu ba ta da yawa ne, kuma bakin rim ɗinsu yana da ɗan ƙugiya daga ciki da ke kama leɓen taya.

Abin da na fi gani a gari shi ne mutum ya sayi siririn keken gwanjo, ya ga yashin unguwa yana kayar da shi, sai ya nemi taya mai kauri ya ɗora a kan siririn rim. Niyyar daidai ce, don taya mai faɗi ta fi tafiya a yashi. Amma in faɗin ya yi yawa, tayar takan kumbura sama ta tsuke a ƙasa, gefenta ya riƙa lanƙwashewa daidai bakin rim har zaren ciki ya gaji ya tsinke. A kwana kuma sai ka ji keken yana lilo ƙarƙashinka. Ga wani abu da ba kowa ya sani ba: a iska iri ɗaya, taya mai faɗi ta fi siririya tura bangon rim waje. In ka ba taya mai faɗin 47 iskar da ake ba mai 25, rim ɗin ne ke shan wahalar.

Akasin haka ma yana da nasa sharrin. Siririyar taya a kan faffaɗan rim tana bajewa, tsayinta ya ragu, duk ramin da ka faɗa sai ƙarfe ya daki ƙasa ya cije tiyub. Ka kuma duba ko sabuwar tayar za ta wuce tsakanin ƙarafan keken ba tare da gogawa ba, a bar mata sarari ko da na milimita 5 ne kowane gefe, saboda lakar damina.

Mataki na uku: binciki rim ɗin kansa

Tunda ka riga ka cire taya, bi bakin rim da yatsa zagaye guda. In akwai inda ya lotsa ko ya buɗe saboda dukan rami, nan taya za ta fita. Rim na ƙarfe yakan yi tsatsa daga ciki, a kankare da sanfefa. Na alminiyam kuwa birki ne ke cinye gefensa, kuma a garin da iskar hunturu ke zuba ƙura a kan komai, robar birki da yashi sukan haɗu su yi ta gugar ƙarfen. Ɗora rula a gefen rim ɗin: in ka ga tsakiya ya yi kwarmi, haske yana wucewa, bangon ya yi siriri, wata rana iska za ta ɓalle shi. Irin wannan rim ba a lallaɓa shi, canzawa ake yi.

Duba kuma robar da aka shimfiɗa a cikin rim don rufe kawunan wayoyi. In ta yage ko ta zame, kan waya zai huda tiyub daga ƙasa. Tsohon tiyub da aka yanka a tsaye yana iya tsayawa a madadinta a kan manyan kekuna masu rim na ƙarfe.

Mataki na huɗu: sakawa

Nan ne gaggawa ke ɓata aiki. Shigar da leɓe ɗaya na taya. Ba tiyub iska kaɗan, daidai yadda zai yi siffa ya daina naɗewa, sannan ka sa bawul a raminsa a miƙe, ka cusa sauran tiyub ɗin cikin taya. Tiyub ma yana da lambarsa, ya dace da tayar: ƙarami zai miƙe ya yi siriri, babba zai ninke a ciki. Shigar da leɓe na biyu da hannu, kana tura abin da ya riga ya shiga zuwa tsakiyar rim inda ya fi zurfi, don ka sami sassauci a ƙarshe. Ka guji sukudireba. Bakinsa yana cizon tiyub, yana kuma lanƙwasa wayar da ke cikin leɓen taya, kuma leɓen da wayarsa ta lanƙwashe ba ya sake zama daidai.

Kafin ka cika iska, matsa taya da yatsu zagaye guda ta kowane gefe, kana leƙawa. Kada ka ga tiyub ko kaɗan a ƙarƙashin leɓe. Tura bawul ciki ka sake jawo shi, don nan ne tiyub ya fi maƙalewa. Sai ka ba da rabin iska ka juya ƙafar. A jikin kowace taya akwai siririn layi da ke bin da'ira kusa da bakin rim. Ya kamata tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina. In ya nutse a wani wuri ya ɗago a wani, sace iskar, shafa ruwan sabulu a leɓen, ka sake. Bayan ka mayar da ƙafar, kama birki ka duba inda robarsa ke sauka. In tana taɓa taya ko da ɗan kaɗan ne, cikin 'yan kwanaki za ta yanke gefenta.

Mataki na biyar: iska da zafin rana

A gefen taya an rubuta iyakar iskar da za ta ɗauka, kamar MAX 65 PSI (PSI ma'aunin ƙarfin iska ne). Iyaka ce, ba umarnin a kai can ba. Tsofaffin rim na ƙarfe masu santsin baki, waɗanda ba su da ƙugiya daga ciki, ba sa riƙe iska mai yawa ko da tayar ta ce za ta iya, don haka a kansu a tsaya ƙasa da iyakar sosai. Famfon hannu ya fi aminci. Injin iskar masu facin mota da babur yana cika tayar keke cikin 'yan daƙiƙu, kuma matsa taya da yatsa ba ya bambance 50 da 80. In dole sai injin, roƙi mai facin ya riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan yana aunawa da geji.

Iska tana ƙaruwa da zafi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40 a inuwa, kwalta da baƙar roba kuwa sun fi haka nesa. Tayar da aka ba PSI 60 da asuba ana digiri 25, in ta yi zafi ta kai digiri 55 a rana, iskarta za ta kai wajen 67 ko 68. Lafiyayyar taya a kan rim ɗin da ya dace za ta jure wannan. Wadda aka riga aka cika har iyaka, ko ta tsufa gefenta ya tsattsage, ita ce ake jin ƙararta a ƙofar masallaci lokacin azahar, babu kowa a kanta. Saboda haka da bazara ka rage kaɗan daga abin da ka saba, ka kuma jingine keken a inuwar dogonyaro in akwai.

Kada kuma ragewar ta yi yawa, musamman ga mai ɗaukar kaya. Jarka huɗu na ruwa masu lita 25 kilo 100 ne, ban da nauyin mai keken, kuma kusan duka a kan tayar baya suke. Taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin irin wannan lodi tana lanƙwashewa, ta yi zafi, zarenta ya karye. Mai irin wannan aiki ya nemi mafi faɗin tayar da rim ɗinsa zai ɗauka, ya duba iska kowace safiya.

In kuɗinka na taya ɗaya ne, sa sabuwar a gaba, ka mayar da ta gaban baya in tana da sauran lafiya. Na san da yawa akasin haka suke yi, don ta baya ta fi saurin cinyewa. Amma fashewar ta baya jan keke take yi, galibi a tsaya lafiya, ta gaba kuwa ita ke kai mutum asibiti. Tayar da zare ya fara bayyana a jikinta, ko ta yi ƙullutu a gefe, ko aka ɗaure ta da robar tiyub don a ƙara kwana, ba ta da wurin zama a gaba.

In duk da haka ta fashe kana tafiya, riƙe kan keken da hannu biyu ka miƙe shi, kada ka yi kwana, kada ka damƙi birkin ƙafar da ta fashe. Matsa jikinka baya, ka riƙa taɓa ɗaya birkin a hankali har ka tsaya a gefen hanya. Sannan kada ka bari a sa sabon tiyub kafin a duba tsohon. Doguwar tsaga mai gefe a yayyage tana nufin tiyub ya fito waje ne, a binciki leɓen taya da lambarta da bakin rim. Huda biyu kusa da juna kamar saran maciji, ƙarancin iska ne ko taya ta yi wa rim siranta. Huda ta ɓangaren da ke kallon wayoyi, robar cikin rim ce ta gaza. Ƙaramar huda ɗaya ta waje kuwa ƙaya ce, a shafa cikin tayar a hankali a zare ta kafin a mayar.