Kurakuran da sabbin shiga ke ta maimaitawa wajen neman satifiket ɗin gonar jatan lande

Wallahi na gaji da ganin ƙannenmu sabbin shiga suna maimaita abu ɗaya, duk wanda aka tura ya shirya gonar jatan lande don karɓar satifiket ɗin ASC ko BAP, wato shaidar cewa gona na kiwo ba tare da cutar da muhalli ko jama'a ba, sai ya ɗauka aikin cike takardu ne kawai. Toh ku saurara.

Babba a cikinsu, zaton cewa in odita, mai zuwa duba ko gona ta cika ƙa'ida, ya sa hannu shikenan mutanen gari ma sun yarda. Ina! Tambarin satifiket ɗin nan da ake liƙa wa kaya don hankalin mai saye a kantunan Turai da Amurka ya kwanta aka yi shi. Ƙungiyar kare muhalli ta WWF da ƙungiyar IDH ta Holan suka kafa ASC a 2010, ƙa'idar jatan lande ta fito a 2014, kuma tun ana rubuta ta ƙungiyoyi irin su Mangrove Action Project ke kukan ba a saurari mazauna bakin teku ba. Manomin shinkafa a Khulna ko Satkhira ta Bangaladash wanda ruwan gishirin tafkinka ya kashe masa gona, ina ruwansa da tambari? A yankin Khulna ɗin nan aka kashe Karunamoyee Sardar a 1990 wajen zanga-zangar ƙin gonakin jatan lande, har yau ana tunawa da ita duk shekara.

ASC ta wajabta a binciki tasirin gona ga jama'a tare da su jama'ar, amma me kuke yi? Ku kira manyan gari da masu tafkuna, a sha shayi, a ɗau hoto, a sa hannu a rajista, wai an tuntuɓi al'umma. Haba dan Allah! Wata gona da na yi wa aiki haka manajanta ya yi kafin in iso, ashe shingen da suka ja ya toshe hanyar da mata ke bi su kamo ƙaguwa su samo itace, ba wanda ya gayyace su, ranar da odita ya zo suka tare shi a bakin hanya suka zazzage masa komai. Aka ɗage maganar, mai saye ya koma wani wuri, wahalar shekara ta tafi a banza. Ni yanzu ba na shiga gari a motar gona, mata kuma zamansu daban da tafinta mace, tambayata ruwan sha, hanya, da gona. Gishirin rijiya da rani nake auna shi a gaban mai rijiyar in bar masa kwafin sakamakon.

Na biyu da ke ƙona min rai, yi wa ƙananan manoma alƙawarin ƙarin farashi. Kar ka kuskura sai ka gan shi a rubuce daga kamfanin da zai saya, domin sau da yawa manomi ke shan ɗawainiyar gyara da rubuce-rubuce, ribar ta tsaya a masana'antar sarrafawa. A Ca Mau ta Biyetnam inda wani satifiket ɗin daban mai suna Naturland ke neman rabin fili ya zama itatuwan mangurof masu tsirowa a ruwan gishirin bakin teku, manoma na jure sharaɗin ne saboda ƙarin kuɗin, in ya makara sai su sayar wa dillali su watsar da kai. Ni gara in haɗa su ƙungiya su raba kuɗin odita.

Maganar mangurof kuwa, kar ka ɗauki kalmar mai gona, duba tsoffin hotunan tauraron ɗan Adam, in an sare shi don yin tafki bayan watan Mayu 1999 ASC ba za ta karɓa ba.

Sauran ƙananan: littafin bayanai da aka cike daren jajibirin odita, daga tawada ake gane shi. Akwatin ƙorafi a cikin get da rubutun Turanci, wa zai saka takarda? Jatan landen da aka ba antibayotik ba ya shiga kasuwa da tambarin ASC. Ka tambayi inda garin kifin da ke cikin abincin jatan landenka ya fito, tun 2014 da jaridar Guardian ta fallasa bautar da ake yi a jiragen kamun kifi na Tailan masu saye ke yin wannan tambayar.