Yadda nake saita kwamfiresa a kan muryar mawaƙi

Na daɗe ina ɗaukar murya a wani ɗan ƙaramin situdiyo a Kano, kuma babu abin da yara masu koyon aiki suka fi tambayata a kai kamar kwamfiresa. Aikinta ɗaya ne: duk inda murya ta yi sama da yawa sai ta danne ta, don wurin da mawaƙi ya yi ƙasa-ƙasa da wurin da ya buɗe maƙogwaro su matso kusa da juna.

Kafin ka taɓa ta, gyara ɗaukar. Mawaƙi ya tsaya kamar taƙi guda daga makirfo, ragar tare iska a tsakani. Ka ce ya rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ka saita ƙarar shiga yadda ƙololuwarta za ta tsaya tsakanin -12 da -6 dB (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ka saita ingancin ɗaukar a bit 24. A kashe fanka ko da ana zafi, janareta kuma a kai shi nesa, domin duk ƙarar da ke ɗakin za ta taso tare da muryar idan ka ɗaga ta daga baya.

Ni ba na danne murya lokacin ɗauka. Na taɓa yi wa wata mawaƙiya da ta taho daga nesa haka, sai da ta koma gida na ji muryar ta shaƙe, babu kuma hanyar warwarewa. Tun ranar nake ɗauka tsura, in danne wajen haɗa sauti.

A manhajojin haɗa sauti, ko FL Studio kake amfani da shi, ko Cubase, ko Reaper, maɓallan kwamfiresa iri ɗaya ne. Da farko yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, wato sauti mai kauri sosai, da ikwalaiza, abin da ke rage ko ƙara wani sashe na sauti, kada rugugin da ba murya ba ya riƙa tayar da kwamfiresar. Sai ka sa reshiyo a 3:1 ko 4:1. Ma'anar 4:1 ita ce, idan murya ta haura iyaka da dB 8, dB 2 kawai za su fito. Iyakar nan ita ce tireshol. Kunna waƙar, ka riƙa sauke shi a hankali, idonka a kan mitar da ke nuna yawan dannewa, har ka ga tana cin dB 3 zuwa 6 a wurare masu ƙarfi, tana komawa sifili idan mawaƙi ya yi sanyi. In ba ta komawa ko kaɗan, ka sauke da yawa.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne atak, wato saurin da kwamfiresa ke cafkar sauti. Harshenmu yana da baƙaƙen da ke fita da ɗan fashewa, irin su ƙ da ts, kuma a farkon gaɓa suke zaune. In ka sa atak a milisakan 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, sai ta cafke su tun ba su gama fita ba. A nan ne za ka ji “baƙi” ya fara kama da “baki”, “tsuntsu” ya yi laushi kamar an jiƙa shi. Waƙar Hausa kuwa kalmomi ake bi, mai sauraro yana son ya ji kowane baiti ya haddace. Don haka nakan fara daga milisakan 10, in zaɓi layi guda mai yawan ƙ da ts, in yi ta maimaita shi ina matsa maɓallin zuwa 15 ko 20, har baƙaƙen su fito tangaran amma ba su soki kunne ba. Wannan kunne ne ke yanke shi, ba ido ba.

Rilis, wato lokacin sakewa, ka fara daga milisakan 60 zuwa 100. In ya yi gajarta za ka ji murya tana haki, numfashi yana tasowa tsakanin kalmomi. In ya yi tsawo, kalma mai ƙarfi za ta danne ta bayanta.

Ga mawaƙin da ke tashi daga raɗa zuwa ihu, kwamfiresa biyu nake jerawa maimakon in ɗora wa ɗaya kaya. Ta farko kwaikwayon na'urar kwamfiresa mai suna 1176, wadda Bill Putnam ya fito da ita a 1967, mai saurin gaske, ta tsinke ƙololuwa kawai. Ita fa lambobin atak da rilis ɗinta a juye suke: 7 ne mafi sauri, 1 mafi jinkiri. Ta biyu kwaikwayon wata na'urar kwamfiresar mai suna LA-2A, mai manyan maɓallai biyu, ta lallaɓa sauran. Kowacce ta ci dB 2 ko 3.

Daga ƙarshe ka mayar da ƙarar da aka danne, daidai gwargwadon abin da mita ta nuna. Sai ka riƙa kunna kwamfiresar kana kashewa, ƙarar ɓangarorin biyu daidai wa daida, don kunne yakan zaɓi abin da ya fi ƙara ko da bai fi daɗi ba. In ka gamsu, tura waƙar cikin wayarka, ka fita bakin titi ka saurara ta sifikar wayar. Mafi yawan masu jin waƙar a haka za su ji ta. Duk kalmar da ta ɓace maka a can, koma ciki ka ɗaga ƙararta da hannu, ita kaɗai.