Kurakuran masu auna zirkon a duwatsun Bauchi da Gombe

Kowace shekara ɗalibai na kwasar dutse daga kewayen Bauchi, su tura waje a auna musu zirkon (ƙananan ƙwayoyin ma'adini da ake gane shekarun dutse da su), a dawo musu da lambobi, su gina labarin ɓawon ƙasa a kan tubalin toka. Ɓarnar takan faru tun kafin na'ura ta taɓa samfurin.

Mafi muni shi ne harba leza a ƙwayar da ba a ɗauki hoton cikinta ba. Tsofaffin giranit na Bauchi, har da bauchait da ya samo suna daga garin, sun daskare wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin rugumar Pan-Afirka, wato karon sassan ɓawon ƙasa da ya tayar da duwatsu a nahiyar. Amma narkakken dutsen ya haɗiye tsohon ɓawo, shi ya sa ƙwaya ɗaya kan zo da cibiya mai shekara biliyan 2 ko fiye, da sabon gefe da ya lulluɓe ta. Ramin leza na auna shekaru da yuraniyom da dalma yakan kai wajen maikiron 30 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), na auna sinadarin hafniyom kan kai 50. In ya hau kan iyakar biyun, shekarun da za su fito ba na kowa ba ne, ba na cibiya ba, ba na gefe ba. A goge ƙwaya har tsakiyarta, a ɗauki hoton CL (hoton da ke nuna zane-zanen cikin ƙwaya), a sa alama a wurin harbi, sannan a sake dubawa bayan harbin, domin leza na nutsawa ƙasa ya faɗa wani zanin. Ni dai duk ƙwayar da ba ta da hoto ba na karanta lambarta.

Daga nan ne hafniyom ke lalacewa. Lissafin εHf, lambar hafniyom da ke nuna ko narkakken dutsen sabo ne ko daga tsohon ɓawo ya fito, yana rataye ne a kan shekarun da aka ba ƙwaya: kuskuren shekara miliyan 100 na karkatar da shi da kusan 2.2. Tsohuwar ƙwaya da ta zubar da dalma takan nuna ƙuruciyar ƙarya, sai εHf ya zurma ƙasa. In ka ga ɗigogi a zanen εHf da shekaru sun jeru a layi ɗaya mai gangara alhali rabon ¹⁷⁶Hf/¹⁷⁷Hf bai canja ba, dalma ce ta zube, ba tarihin ɓawo kake kallo ba. Amma sai ka ga mutum ya cika shafi biyar yana fassara layin! Haka shekarun ƙiyasi na hafniyom, wato ƙiyasin lokacin da kayan dutsen suka rabu da mantil, sashen da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa: wanda ya rubuta cewa "an haifi ɓawon Bauchi" a lambar da ta fito, ya manta narkakken dutsen na iya zama gaurayen sabo daga mantil da tsohon ɓawo. A haɗa da awon nau'o'in oksijin na cikin ƙwayar (δ¹⁸O): zirkon na mantil yana kusa da 5.3‰, wanda ya haura haka sosai ya sha kayan da suka taɓa zama a doron ƙasa.

Turmi da rariya kuwa, haba. Wanda ya niƙa giranit ɗin Ningi, mai ƙasa da shekara miliyan 200, ya bi shi da dutsen Bauchi bai wanke injin ba, shi ya shuka baƙin ƙwayoyi da hannunsa. A wanke, a fara niƙa ɗan guntun samfurin a zubar, a sa sabon ƙyallen tacewa kowane karo.

Masu aiki kan dutsen yashi na Bima da na Gombe, a daina tsince manyan ƙwayoyi masu ƙyalli kaɗai. A zuba yadda suka zo, a auna aƙalla 117. Ƙwayar da ta haura shekara biliyan 1 a ɗauki shekarun da rabon ²⁰⁷Pb/²⁰⁶Pb ya bayar, ƙasa da haka ²⁰⁶Pb/²³⁸U. A tambayi ɗakin gwaji yadda ya cire katsalandan ɗin ¹⁷⁶Yb (sinadarin da ke shiga cikin awon ¹⁷⁶Hf), kuma a nemi sakamakon zirkon na awo, waɗanda aka riga aka san shekarunsu: mai suna 91500 ya ba da shekara miliyan 1065, Plešovice 337. In ba su turo ba, a rubuta musu kafin a fara zana komai.