Yadda Za Ki Samu Abokan Hira Bayan Girma Ya Zo

Shekarata 61, na yi 35 a Agege ta Legas tare da maigidana Malam. Zamanmu ba daɗi, sai mu wuni gaisuwa kaɗai ta haɗa mu. Da autata ta yi aure, gidan ya yi mini faɗi. Ga abin da na yi, 'yar'uwa, ko zai amfane ki.

Ki fara da Islamiyyar matan unguwarku. Fita ce da maigida bai cika hanawa ba, amma ki sanar da shi tukuna, kada ki ba shi abin faɗa. Ki riƙa zuwa da wuri, don kafin malama ta iso ake sabo, ana zaune a tabarma. Ni da dabino nake zuwa, ƙulle a bakin mayafi.

Ki shiga adashi ko ƙarami ne, zubi zai sa a neme ki duk mako. Suna da gaisuwar rasuwa kada su wuce ki, ko can unguwar Idi-Araba ne ki hau danfo, motar haya ta Legas.

Sirrin aurenki kuwa, aminiya ɗaya ta ishe ki. Tawa, tare muke zuwa kasuwar Mile 12 mu sayi kwandon tumatir mu raba.