Daga Gombe ko Bauchi Zuwa Ƙasar Waje Kai Kaɗai: Yadda Ake Haɗa Jirgin Sama da na Ƙasa

Wanda ya saba tafiya da ayarin alhazai yana da masu riƙe masa fasfo, masu ƙirga masa kaya, da mai kiran sunansa in ya yi nisa. Mai tafiya shi kaɗai, ko karatu ya kai shi, ko kasuwanci, ko jinya, ko Umara, duk waɗannan ayyuka a wuyansa suke. Abin kuma da ya fi ɓata irin wannan tafiya ba ya faruwa a sararin samaniya ko a cikin tarago. A mahaɗa yake faruwa, wato tsakanin saukar mota da hawan jirgi, tsakanin jirgin farko da na biyu, tsakanin filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa. A nan ya kamata yawan shirinka ya tafi.

Mahaɗar farko a gida take. Filin jirgin Lawanti na Gombe da filin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauchi, in ka cire jigilar alhazai, jiragen cikin gida suke karɓa. Sai ka isa Abuja, Kano ko Legas kafin ka samu mai fita waje. Kada ka yarda ka sa jirgin Gombe zuwa Abuja rana ɗaya da jirginka na waje. Tikiti biyu ne na kamfanoni biyu, kuma in na farko ya makara, na biyun ba ruwansa: zai rubuta cewa ba ka zo ba, sau da yawa ma ya soke har tikitin dawowarka. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan hana jirage sauka a filayen Arewa, wani lokaci wuni guda. Ka isa garin da za ka tashi tun jajibiri, ka kwana. Kuɗin masauki na dare ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabon tikiti ba. In ta mota za ka, Gombe Line ko Yankari Express ko motar tasha, ka bi ta farko da asuba, kada dare ya same ka a hanya da fasfo a aljihu.

Akwai wani tarko a jikin tikitin kansa. Jiragen waje da yawa suna tashi da tsakar dare. In an rubuta 00:40 ranar 12 ga wata, to daren 11 ga wata za ka je filin jirgi, wajen ƙarfe tara da rabi. Wanda ya je daren 12 zai tarar jirginsa ya tafi tun jiya. Sannan kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin da abin zai faru ne. Saudiyya, Katar da Habasha suna gabanmu da awa 2. Jamus da Faransa agogonmu ɗaya da su lokacin sanyi, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gaba da awa 1. Ingila kuwa tana bayanmu da awa 1 a lokacin sanyi, a bazara mu daidaita.

Takardu. Fasfonka ya kasance da sauran aƙalla wata 6, da shafuka biyu da ba a buga wa hatimi ba. Sunan da ke kan tikiti ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Muhammad da Mohammed a wurinmu suna ɗaya ne, a wurin kwamfutar kamfanin jirgi mutum biyu ne. Ka yi allurar shawara ka karɓi katinta mai ruwan ɗorawa daga jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa. Sai bayan kwana 10 da yin allurar katin yake fara aiki, don haka ba abin mako na ƙarshe ba ne. Mai zuwa Umara ko Hajji ana neman masa allurar sanƙarau. Mai neman bizar ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, zai biya Yuro 90, ya nuna inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, kuma bizar ziyara ba ta wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne bizar yada zango. Ɗan Nijeriya da zai canja jirgi a filin wata ƙasar Shengen, ko da ba zai leƙa waje ba, ana neman masa bizar wucewa ta filin jirgi, sai dai in yana riƙe da wasu takardu da ke ɗauke masa ita, kamar bizar Amurka ko Kanada mai rai. Ingila ma tana da irin wannan doka. Ejan mai sayar da tikiti zai iya nuna maka hanya mai arha da ta bi ta Faris ko Farankfot, kai kuma sai ranar tafiya a hana ka katin shiga jirgi a Abuja. Ga wanda ba shi da waɗannan takardu, hanyoyin da suka bi ta Adis Ababa, Alkahira, Doha ko Istanbul sun fi sauƙi, matuƙar tikiti ɗaya ne kuma ba za ka fita daga cikin filin ba.

Wannan magana ta tikiti ɗaya tana da nauyi. In jiragenka biyu suna ƙarƙashin lambar ajiya guda, galibi kayanka za su wuce kai tsaye zuwa garin ƙarshe, kuma in jirgin farko ya makara har ka rasa na biyu, kamfanin ne zai sa ka a na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba. In kuwa ka sayi biyu dabam don neman rangwame, dole ka fita ta wurin jami'an shige da fice, ka ɗauki akwati, ka sake awo, kuma hakan na bukatar bizar ƙasar. A bar tazarar awa 2 zuwa 3 tsakanin jirage ko da tikiti ɗaya ne. Filin Istanbul da na Doha suna da girma ƙwarai, tafiya daga ƙofa zuwa ƙofa kan ci minti 20 ko fiye, kuma ana rufe ƙofar shiga kusan minti 20 kafin lokacin tashi.

Kaya kuwa, yawancin kamfanonin da ke tashi daga Nijeriya suna ba da akwati 2 mai kilo 23 kowanne, da jakar hannu ta kilo 7 ko 8. Amma ka tuna kai kaɗai ne. Akwati biyu da jaka hannu uku suke nema, kuma a tashar jirgin ƙasa ta Turai babu ɗan dako. In tafiyarka akwai jirgin ƙasa a ciki, akwati ɗaya mai taya huɗu da jakar goyo sun isa. A jakar hannu ka sa fasfo, kuɗi, magani, caja, fawa bank (ba a yarda a sa shi cikin akwatin awo ba saboda batirinsa kan kama wuta), da kayan sawa na kwana ɗaya ko da akwati zai ɓata. Duk wani ruwa da ke jakar hannu, har turare da man shafawa, kada kwalbarsa ta wuce mililita 100. Ƙaramar gorar roba wadda ba kowa a ciki za ta wuce bincike, kuma za ta zame maka buta, domin banɗakunan Turai galibi takarda kawai ake ajiyewa.

Kilishi, dambun nama da man shanu a bar su a gida. Ƙasashen Tarayyar Turai, Ingila da Amurka ba sa barin matafiyi daga Nijeriya ya shiga da nama, kuma in ka ɓoye aka gano, bayan ƙwacewa akwai tara. Goro an hana shiga da shi Saudiyya. Magani ya zauna a kwalinsa tare da takardar likita. Magungunan da ke ɗauke da tiramadol ko kodin kan jefa mutum kurkuku a Masar, Dubai da Saudiyya. Sai batun saƙo, wanda ya fi kowanne wuya a al'adarmu. Za a zo a ce, “Alhaji, ga ɗan ƙunshi ka kai wa ɗana.” Ka buɗe shi a gaban mai shi, ka duba komai, in ya ƙi a buɗe ka ba shi haƙuri. Duk abin da aka samu a jakarka naka ne a idon doka, kuma hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne. A wurin awo ka tsaya har a liƙa wa akwatinka lamba, ka ƙirga ƴan takardun shaidar kaya da aka manna maka: akwati ɗaya, takarda ɗaya. In ka ga ƙari a kan sunanka, ka yi magana nan take.

Kuɗi a raba su uku: kaɗan a aljihu, mafi yawa a jikinka ƙarƙashin riga, wani kaso a jakar hannu. Kafin ka tashi ka tambayi bankinka ko katinka zai yi aiki a waje da iyakar abin da zai cire, domin katin naira yakan ƙi. Mai ɗauke da Yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana wa kwastan in zai shiga Tarayyar Turai. Amurka kuma abin da ya haura dala 10,000.

A cikin jirgi, abincin halal ana nemansa tun wajen sayen tikiti ko kwana 2 kafin tafiya. Ka yi alwala a filin jirgi kafin a kira ku, ka yi amfani da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli. Mai Umara da zai sauka Jidda ya wuce Makka ya sa haraminsa tun a zangon ƙarshe, don jirgi ba ya tsayawa a miƙati, sanarwa kawai ake yi. In ka sauka, jami'in shige da fice zai tambayi inda za ka kwana, kwana nawa za ka yi, da tikitin komawa. Ka buga waɗannan a takarda, kada ka dogara da wayar da layinta na gida bai tashi ba. In akwati bai fito ba, kada ka bar zauren kaya sai ka cike takardar ƙorafi a teburin kamfanin ka karɓi lamba. Wanda ya fita babu ita da ƙyar ake saurarensa. Akwatin da ya fashe kuma kwana 7 kake da su ka rubuta ƙorafi. Jirgin da ya tashi daga Tarayyar Turai ya iso Nijeriya da jinkirin da ya haura awa 3 bisa laifin kamfani, doka ta ba fasinja diyyar da kan kai Yuro 600, amma sai ka nema.

Yanzu jirgin ƙasa. Layin dogo ya bi ta Bauchi da Gombe zuwa Maiduguri tun shekarun 1960, amma yawancin matasanmu ba su taɓa hawansa ba, sai ɗan wanda ya bi na Idu (Abuja) zuwa Rigasa (Kaduna). Na waje ba ya jiran kowa. A manyan tashoshi na hanya yakan tsaya minti 2 ko 3 kawai, a Faransa kuma ana rufe ƙofofin TGV, jirginsu mai tsananin gudu, minti 2 kafin lokaci. A allon tasha ka nemi lambar jirgi da lokacin tashi, domin sunan da ke rubuce na garin ƙarshe ne, naka yana iya zama a tsakiya. Daga nan ka duba lambar dandamali, sannan lambar tarago da ta kujera. Tarago yana da muhimmanci: a Jamus wasu jiragen suna rabuwa biyu a hanya, gaba ya nufi wani gari, baya ya nufi wani.

Tikiti iri biyu ne a taƙaice. Mai arha an ɗaure shi da jirgi ɗaya a lokaci ɗaya, in ka rasa shi ya mutu. Mai tsada kana iya hawa kowane jirgi na ranar. Don haka ranar da ka sauka daga sama, ko dai ka sayi mai tsadar, ko ka bar tazarar awa 3 zuwa 4 tsakanin saukarka da tashin jirgin ƙasa, domin layin shige da fice kaɗai kan cinye awa guda. A TGV kujera tana haɗe da tikiti. A ICE, jirgi mai tsananin gudu na Jamus, ana biyan kuɗinta dabam, wanda bai biya ba yana iya yin tsaye har tsawon awanni. A Italiya, tikitin takarda na jiragen yanki sai an cusa shi cikin ƴar na'urar da ke bakin dandamali ta buga masa lokaci. Wanda bai yi ba, mai duba tikiti zai ci shi tara kamar bai saya ba, kuma rashin sani ba ya cetonsa. In jirgi ya makara da awa 1 a Tarayyar Turai ana mayar da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, awa 2 kuma kashi 50.

Manyan birane suna da tasha fiye da ɗaya. Mai zuwa daga Landan a Eurostar, jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin teku, zai sauka tashar Gare du Nord a Faris, amma jiragen kudu maso gabashin Faransa daga tashar Gare de Lyon suke tashi, sai ya tsallaka gari da kayansa. Ya ware wa wannan awa guda. Eurostar ɗin kansa ana duba fasfo kafin a shiga, kuma bizar Ingila ba ta shigar da kai Faransa, ta Shengen ba ta shigar da kai Ingila.

Ga masu Umara, jirgin Haramain da aka buɗe a 2018 ya haɗa Makka, Jidda da Madina, kimanin kilomita 450, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, tafiyar kuma ba ta kai awa 2 da rabi ba. Yana da tasha a cikin sabon filin jirgin Jidda. Ana yarda da babban akwati ɗaya da bai wuce kilo 25 ba da jakar hannu, saboda haka mai akwati biyu da tsaraba ya nemi mota. A Ramadan kujeru kan ƙare tun da wuri, a saya ta intanet kafin a bar gida. In daga Madina za ka Makka, ka sa harami tun a masauki, domin miƙatin Zulhulaifa yana kusa da gari, jirgi kan wuce shi jim kaɗan da tashi.

A cikin tarago, babban akwati yana zama a kantar da ke bakin ƙofa, can nesa da kujerarka. Ka ɗaure shi da ƙaramin kwado mai igiya, ka riƙa leƙa shi duk sanda jirgi ya tsaya. Jakar da fasfo ke ciki kuwa ko banɗaki za ka ka tafi da ita. Ka saita ƙararrawar waya minti 15 kafin tasharka, don gajiyar daren jirgin sama takan sa barci mai nauyi kuma ba mai tashinka. Ka sauke taswirar garin a waya tun kana da intanet, ka rubuta adireshin masauki a takarda da harshen ƙasar, ka tura wa mutum ɗaya a gida hoton fasfo, biza da dukan tikitocinka, tare da lambar ofishin jakadancin Nijeriya na ƙasar da za ka. In fasfo ya ɓata, ka fara zuwa wurin ƴan sanda ka karɓi rahoto, sannan ka kai shi ofishin jakadanci tare da wancan hoton, su ba ka takardar tafiya ta gaggawa wadda za ta dawo da kai gida.