Yadda za ka yi sayayya ba tare da ka danne haƙƙin wani ba

Fara da taya, don nan yawancinmu muke kwafsawa. Mutum zai shiga babban kanti ya ɗau kaya da farashi manne a jiki ya biya ko uffan bai ce ba, amma da ya je kasuwar Yankaba a Kano ya samu dattijo ya kasa kuɓewa da attaruhu sai ya tsaya yana ja da shi a kan naira ɗari har sai bawan Allah ya ce kawo kuɗi don dole. Ni ma na sha yi wallahi, ba wanke kaina nake ba. In ya ce maka albarka sau biyu to ka taɓo uwar kuɗi ke nan, ka ce baba nawa za ka sallama, in ya yi maka ka biya, in bai yi ba ka wuce.

Ɗan dako kuma ku yi tsada kafin ya ɗora buhun a ka, ba sai ya fito maka da shi daga cikin kasuwar Singa har bakin titi ba sannan ka miƙa masa abin da ka ga dama. Hadisin biyan ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe ai ba don a haddace kawai ba ne.

Wajen awo ka juya mudun ka duba gindinsa, in an buge shi ya lotsa ciki kar ka tsaya rigima, ka dai daina kai kuɗinka wurin. Haka wanda ka san yana ɓoye hatsi sai ya yi tsada, irin abin da ya sa aka garƙame wasu rumbuna a kasuwar hatsi ta Dawanau a 2024.

Sutura ce mai wuyar. Kantin Kwari cike yake da atamfar Chana, ga araha, masaƙunmu na Bompai da Sharada kuwa yawanci sun daɗe a rufe, kuma aljihu shi ke da hukunci, na sani. Ban ce ka ƙona shaddarka ba. Amma ko sallah ɗaya a shekara ka leƙa marinar Ƙofar Mata, wadda take nan tun 1498, ko ka shiga Kurmi ka sai takalmin fata. Ka tambaya wa ya ɗinka. Ni da na tambaya sai mai shagon ya nuna min wani yaro a lungu riƙe da basilla, ya ce ga shi can.