Yadda Ake Koya wa Yaran Firamare Darajar Abinci da Sanin Inda Yake Fitowa

Kafin malami ya tsaya gaban aji ya ce "kada ku ɓarnatar da abinci", ya kamata ya fara sanin ko ɗaliban nasa ɓarnar suke yi. A yawancin makarantun gwamnati na ƙasar Hausa, yaro yakan zo da ɗan kuɗin tara ne kawai, wani ma ko karin kumallo bai yi ba, kuma duk abin da aka zuba masa sai ya suɗe kwanon. Irin wannan yaro in aka yi masa wa'azin rage abinci, kallon malam kawai zai yi. A makarantun kuɗi da na kwana ne ake ganin kular shinkafa ta koma gida rabi, ko a juye tuwon dare a bayan ɗakin cin abinci. Asarar da ta fi yawa a wurinmu kuwa tana faruwa ne tun abincin bai kai tukunya ba: tumatir a kwando, wake a buhu, masara a rumbu. Saboda haka a gina darasin a kan awo da gani da ido. A bar yara su auna, su ƙirga, su tambayi manomi da ɗan kasuwa, sannan su faɗi abin da suka gano da bakinsu.

Zango na biyu, daga Janairu zuwa Afrilu, shi ya fi dacewa. Iska a bushe take, rana akwai, kuma lokacin ne tumatirin rani yake cika kasuwa ya yi araha. 'Yan aji huɗu zuwa shida za su iya dukkan aikin. Ƙanana a bar su da ƙirga da zane.

Makon awo

Ana buƙatar sikelin ratayawa irin na masu sayar da kaji ko nama, bokiti uku masu murfi, sabulu da ruwan wanke hannu, da gefe guda na allo wanda ba za a goge ba har mako ya ƙare. Bokiti na farko na abincin da mutum zai iya ci amma aka rage ne. Na biyu na abin da dama ba a ci, kamar ɓawon lemo, ɓawon gyaɗa, ƙashi da totuwar rake. Na uku na leda da roba. A auna kowane bokiti babu komai a ciki, a rubuta nauyinsa a jikinsa, don a riƙa cirewa daga awon ƙarshe. Nan ne ake yawan yin kuskure, sai a ƙare da lissafin da rabinsa nauyin bokiti ne. Kada a zuba ruwa, kunu ko lemon kwalba a na farko, nauyinsu zai ɓata lissafin.

A yi awon kwana biyar a jere, bayan an dawo daga tara. Kada a yarda da adadin ranar farko: yara sun san ana kallonsu, wani zai cusa abin da ba ya so, wani zai ɓoye a jaka. Daga rana ta uku ne gaskiya take fitowa. Kuma ba a rubuta sunan kowa. Awon na aji ne gaba ɗaya. Ranar da aka ce "wane ne ya fi zubarwa", an kashe darasin, domin ɗan mai hali zai ji kunya, wanda bai zo da komai ba zai fi shi jin kunya.

Lissafin ya kamata ya ƙare a kan abin da yaro ya sani, wato buhu da mudu. Misali, a ce aji mai yara 40 ya tara kilo 1.2 na dafaffiyar shinkafa a rana. Giram 30 ke nan a kan kowane yaro, loma biyu ko uku, abin da ba wanda zai kula da shi. Amma a kwanakin karatu 60 na zango guda ya zama kilo 72. Shinkafa tana ninka nauyinta kusan sau uku idan ta dahu, don haka ɗanyarta ta kai kilo 24, wato kusan rabin buhu mai kilo 50. Sai a tura yara su tambayo farashin buhu a kasuwar garinsu a wannan makon, su fitar da kuɗin da kansu.

A kuma ƙara shafi ɗaya a allon: dalili. Abincin ya yi yawa ne, ko ya yi sanyi, ko da tsakuwa, ko waken bai nuna ba, ko ƙararrawa ce ta kaɗa ba a gama ba? Kowanne maganinsa daban. A makarantun da ake ciyarwa, kamar a shirin gwamnatin tarayya da aka fara a 2016 na 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 kowane yaro a wancan lokacin, ko a makarantar kwana, a yi wa masu dafa abinci bayani tun kafin a fara. In ba haka ba za su ɗauka bincike ake yi musu, kuma suna da gaskiya su ji haka. Sau da yawa su ne ma za su gaya wa malam ranar da aka fi rage abinci tun sikeli bai faɗa ba.

Idan bokitin farko ya fito kusan wayam, kada a ɗauka aikin ya lalace. An dai gano cewa matsalar makarantar ba a kwano take ba, sai a ba sauran darussan ƙarfi.

Bin sawun kwano ɗaya

A zaɓi abinci guda da kowa ya sani, kamar shinkafa da wake da mai da yaji. A zana taswirar Nijeriya a ƙasa a filin makaranta, a sa dutse a inda garin yake, sannan a bi kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin Kano zai gano cewa shinkafar tana iya zama ta Kura, ko ta fadamar Haɗeja, ko ta Kebbi. Waken wataƙila ya bi ta kasuwar Dawanau. Man gyaɗa na gida ne, amma manja daga kudu yake zuwa. Albasa ana kawo ta daga Aliero a Kebbi, kuma 'yan Nijar sun san ta Galmi. Dankalin Turawa daga tsaunukan Filato, doya daga Binuwai da Neja, bandar kifi daga yankin Tafkin Chadi, citta daga kudancin Kaduna. Burodi da taliya su ne za su ba yara mamaki, domin yawancin alkamar da ake yin fulawarsu da ita ta jirgin ruwa take shigowa daga ƙasashen waje, duk da ana noma alkama a Kano da Jigawa.

Kada malami ya ba da amsoshin nan daga kansa. A ba kowane yaro abu ɗaya ya tambayo a gida ko wajen mai shago. Amsa za ta zo da saɓani, wani ya ce "daga kasuwa" ya tsaya nan. Sai a mayar da shi ya tambayi daga ina kasuwar ta samo.

Idan hedimasta da iyaye sun amince, a kai yara goma zuwa goma sha biyu, da malamai biyu, wajen mai kayan gwari ko wani lambu na kusa. A je da hantsi, bayan cinikin safe ya lafa. A nemi izinin sarkin kasuwa ko mai gonar tun kwana biyu kafin ranar. Tambayoyi huɗu sun isa: daga ina kayan suka zo, kwana nawa suka yi a hanya, nawa ne yake lalacewa a kwando ɗaya, kuma me ake yi da wanda ya lalace. A roƙi mai kayan ya juye kwando guda a gabansu. Na sama ja ne, tauri, sumul. Na ƙasa ya fashe, yana ruwa, da shatar kabar kwandon a jikinsa, saboda an jibga wasu kwandunan a kansa a mota. Yaron da ya ga wannan ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan dalilin da ya sa wasu 'yan kasuwa suka koma akwatunan roba masu hawa kan juna. Makarantun da ke kusa da Kadawa da Kwanar Gafan, inda ruwan madatsar Tiga yake ba da noman rani, suna da wannan darasi a ƙofar gida.

Gwaji biyu a harabar makaranta

Na farko shi ne tukunya cikin tukunya, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ya samu lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a 2000. A samo tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, babba da ƙarama, yadda in an sa ƙaramar a ciki za a samu tazarar santimita 3 zuwa 5 a kewaye. A zuba yashin rafi a gindin babbar har bakunansu su daidaita, a cike tazarar da yashi, a jiƙa shi sharkaf, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumma mai kauri. A ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa, a ƙara ruwa safe da yamma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, shi ke janye zafin daga ciki, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwan sha.

A sayo tumatir 30 masu girma ɗaya da nuna ɗaya, marasa tabo. Goma a tukunya, goma a buɗaɗɗen kwando, goma a ɗaure a leda. Kullum yara su ƙirga masu kyau a kowane rukuni su rubuta. Na leda ne zai fara ruɓewa, saboda gumi. Abin da ke ɓata gwajin bai wuce uku ba: a manta da ruwa ranar Asabar da Lahadi (a ba maigadi ko wani ɗalibi na kusa amanar wannan), a ajiye tukunyar a rufaffen ofis inda ba iska, ko a yi shi da damina, lokacin da iska take da laima kuma ruwa ba ya bushewa. Ba a sa albasa a ciki, ita bushewa take so. Nama, nono da dafaffen abinci ma ba wurinsu ba ne, sanyin bai kai ya tsare su ba.

Na biyu shi ne shanya. A auna tumatir kilo 2, a wanke, malami ya yanka shi fale-fale da kansa, a baza a kan tabarma mai tsabta da aka ɗora bisa tebur ko gadon kara, a lulluɓe da gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Da yamma a shigar ɗaki. Cikin kwana uku zuwa biyar zai zama kauɗa, ya yi kamar fata, in an matsa ba ya ruwa. A sake aunawa: zai dawo wajen giram 150, domin sama da kashi 90 cikin ɗari na tumatir ruwa ne. Idan ya yi baƙi ko ya yi fumfuna, yankan ya yi kauri ko an tara shi kan juna. Ganye kuwa, zogale ko rama ko yakuwa, a inuwa ake shanya shi. Rana tana kashe korensa ta rage masa amfani. Kyau a gayyato wata dattijuwa daga cikin iyayen yara ta nuna wannan ɓangaren. Ta fi malamin iyawa, kuma jikokinta za su ga cewa kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawar da suke rainawa ilimi ne.

Abin da za a ci da abin da dole a zubar

Ɗumame da kwaɗon ƙanzo sun nuna cewa iyayenmu ba su jira wani ya koya musu tattalin abinci ba. Dusa ta awaki ce, ƙasari na shanu da tumaki, harawa ana ɗaure ta a kan rufi har rani. Malamin addini zai iya ɗaukar nasa kason: aya ta 31 a Suratul A'araf ta yi umarni da a ci a sha kada a yi ɓarna, kuma a cikin Sahihu Muslim akwai hadisin da ya ce in loma ta faɗi a ɗauka a share ƙazantar a ci.

Amma akwai haɗari a nan. Yaron da aka cika wa kunne da "zubar da abinci zunubi ne" zai iya cin abin da zai kwantar da shi. A faɗa musu dalla-dalla. Ɗumame sai ya yi zafi har ciki, yana tururi, kuma sau ɗaya ake ɗumamawa. Shinkafar da ta kwana a zafi ba a cikin firji ba tana iya ɗauke da gubar da ɗumamawa ba ta kashe ta, ko da ba ta yi wari ba. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana da gubar da ke lalata hanta, dahuwa ba ta kawar da ita, kuma ba a ba kaji ko awaki. Haka nan a gyara musu wani tunani da ya zama ruwan dare: abin da ya lalace ba ya zama sadaka don an miƙa wa almajiri. In za a bayar, a bayar tun yana da kyau.

Abin da mutum ba zai ci ba kuma dabba ba za ta ci ba, shi ke tafiya ramin taki. A haƙa rami mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsawo, zurfin rabin mita, a inuwa nesa da rijiya. A shimfiɗa busasshen ganye ko kara da aka daddatse kamar taƙi ɗaya, a bi da ɓawon kayan miya da na 'ya'yan itace, sannan kashin awaki, ɗan toka da ƙasa, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har ya cika. Ba a sa nama, ƙashi, mai ko leda, saboda ɓeraye da karnuka. A caka sanda a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki in an zare ta aka ji ɗumi, aiki yana tafiya. In yana ɗoyi, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye a juya. In tururuwa ko gara sun shiga, ya bushe ne, a ƙara ruwa. A riƙa juyawa duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya yi laushi, daidai lokacin da za a dawo zango na uku. Kafin a zuba shi a kunyar alayyahu da kuɓewa, a tabbatar an kewaye wurin da darni ko ƙaya, kuma an rubuta sunayen masu ban ruwa na kowace rana, har da kwanakin da ba makaranta.